Ruwan Sarki: Yadda Asid Ya Zama Alƙalin Zinariya

Ƴan'uwa, ido ba mudu ba ne, balle a kan zinariya. Tun zamanin da, maƙera na goga ƙarfe bisa wani baƙin dutse, su duba launin zanen da ya bari. To amma zinariyar da aka cuɗa da azurfa ko tagulla tana iya ruɗin ido. Nan asid ya shigo.

Wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, littattafan Latin masu ɗauke da sunan Geber, wato Jabir ɗan Hayyan, sun bayyana asid nitirik. Wannan ruwa yana cinye azurfa da tagulla, ya ƙyale zinariya. Sai aka riƙa ɗiga shi bisa zanen dutsen: in zanen ya ɓace, jabu ne. In kuwa aka ƙara wa ruwan gishirin amoniyom, har zinariyar yana narkarwa. Shi ya sa aka raɗa masa aqua regia, "ruwan sarki", tun da ya ci sarkin ƙarafa. Yau ana haɗa shi da kashi 3 na asid kuloridirik da kashi 1 na nitirik.

Narkewa fa ba ɓacewa ba ce. A 1940, da sojojin Jamus suka mamaye Danmak, masani George de Hevesy ya narkar da lambobin Nobel na Max von Laue da James Franck cikin ruwan sarki, don kar a ƙwace su. Kwalbar ta zauna bisa kanta a cibiyar Niels Bohr, ba wanda ya kula ta. Bayan yaƙi aka tsamo zinariyar, aka sake ƙera lambobin. Franck ya karɓi tasa a 1952.

Dabarar ke nan har gobe a ɗakunan gwaji. Yawancin na'urorin auna ƙarfe ruwa suke karantawa, don haka sai an niƙe dutse, asid ya fiddo ƙarfen da ke ciki, kana a auna. In narkewar ba ta cika ba, lissafi ya karkace.

Tun 2014 matasanmu ke tururuwa Jado neman zinariya. Wanda ya haƙo amma bai san yadda ake gwaji ba, mai saye ne zai faɗa masa darajar guminsa. Ashe darasin kimiyyar nan na aljihu ne.