Kuɗin Zinariyar Fotugal da Harafin Maƙera

Masu tara tsofaffin kuɗin Fotugal, idan tsabar zinariya ta shiga hannunsu, ba hoton sarki suke fara dubawa ba. Ɗan ƙaramin harafin maƙera suke nema: R na nufin Rio de Janeiro, B Bahia, M kuwa Minas, dukansu a ƙasar Brazil. Na Lisbon galibi ba su da harafi. Wannan alama da shekarar bugu su ne ke raba tsaba mai tsada da ta gama-gari, ko da nauyinsu ɗaya.

Sai dai tarihin ya girmi haruffan. A shekarar 1457 Sarki Afonso na Biyar ya buga cruzado, mai nauyin kimanin giram 3.5, wato bai cika misƙali ba. Zinariyar da ta raya wannan kuɗi ta Afirka ta Yamma ce. Turawan Fotugal sun isa gaɓar ƙasar Ghana ta yau a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482. Daga nan wani kaso na zinariyar Akan, wadda Wangarawa suka saba kai wa arewa zuwa Jenne da Tumbuktu, ya juya zuwa teku. A Fotugal aka narkar da ita aka buga tsabar, mai ɗauke da gicciye da sunan sarki.

Turawan Holan sun ƙwace Elmina a 1637. A shekarun 1690 aka gano zinariya a Minas Gerais, aka buɗe maƙera a Bahia a 1694. A zamanin João na Biyar (1706 zuwa 1750) maƙerar Vila Rica ta buga dobrão tsakanin 1724 da 1727, tsaba mai nauyin kusan giram 54. Gajerucin lokacin bugun ne ya sa masu tarawa ke rububinta a wajen gwanjo.

Waɗanda suka haƙo wannan zinariya kuwa akasarinsu bayi ne daga Afirka. A takardun Brazil ana kiran da yawa daga cikinsu Mina, da sunan gaɓar da aka loda su cikin jirgi.