Allurar ciwon haƙarƙari: a kan jarirai aka tsaya

A 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. A 2014 allurar rigakafin ciwon haƙarƙari ta shiga katin jarirai, har nan Madarunfa; waɗanda aka fara yi wa, ga su yau a azuzuwanmu.

Iyayensu fa? Rigakafin sanƙarau na 2010 da 2011 ya haɗa har da 'yan shekara 29, ke nan ana iyawa in an so. Amma magidanci mai ciwon suga ko sikila, mai shaƙar ƙurar hunturu a kan babur, ba ya cikin lissafin wannan allura. A Amurka tun yana ɗan 19 ake yi wa irinsa. A nan kuwa sai ya kwanta, ɗansa ya bar aji ya koma garka.