Labarin Fina-finan Kurmi

Cikin shekarar 1926 wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya fito da fim wanda ya ɗauka a kan duwatsun ƙasar Jos, a tsakanin Angasawa da Surawa, ya sa masa suna Palaver. Labarin wani Joji ne da wani mai haƙar kuza, suna jayayya a kan mace. Mutanen ƙasar kuwa, waɗanda aka shiga garuruwansu da na'ura, yawancinsu ba a ba su aikin kome ba sai ɗaukar baka da kibiya da yin ihu. Ko da yake haka, shi Barkas ya taka ƙasar da ƙafarsa. Waɗanda suka biyo bayansa yawancinsu ba su yi wannan wahala ba.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1912 Edgar Rice Burroughs ya rubuta labarin Tarzan, watau ɗan Turawa wanda birai suka rena a kurmi, alhali shi marubucin har ya mutu bai taɓa zuwa Afirka ba. A 1932 aka yi fim ɗinsa da Johnny Weissmuller, gwanin iyo. A Kalifoniya aka ɗauke shi. Giwayen da ke ciki na Indiya ne, sai aka liƙa musu kunnuwan ƙarya don su yi kama da namu, aka kuma cike da ragowar hotunan namun daji na wani fim, Trader Horn, wanda aka ɗauko a Afirka ta Gabas.

Da masu kuɗi suka ga dabarar ta ci, sai suka mai da ita sana'a. Daga 1948 zuwa 1955 kamfanin Columbia ya yi fim 16 da Weissmuller, na Jungle Jim da makamantansa, aka kuma yi na Bomba guda 12 daga 1949 zuwa 1955. Cikin 'yan kwanaki akan gama guda. Kada ɗin da aka gani bara shi za a sake gani bana, a kogi guda, yana buɗe baki iri guda.

To, a ce mutumin Sabon Birni ko na Isa ya kai fatauci Kano, ya shiga sinimar Rex wadda aka buɗe a 1937, ya ga irin wannan, me zai ce? Shi dai ya san ƙasarsa fili ce ta gero da dawa, ga gawo ga kuka, ga gulbi yana cika da damina yana janyewa da rani. Ya san Gobirawa sun yi sarauta a Alkalawa da ganuwa da dawaki da malamai tun kafin 1808. A fim kuwa sai ya ga baƙin mutum ɗan dako ne kurum, wanda in ya zame daga kan dutse ba a ko tambayar sunansa. Wannan ne ya ɓata wa Paul Robeson rai, baƙar fatar Amurka wanda ya fito sarki a Sanders of the River a 1935, labarin da aka ɗora a kan Nijeriya. Da ya ga yadda aka harhaɗa fim ɗin don yabon mulkin Turawa, sai ya barranta da shi.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo fina-finan Indiya, jama'ar Arewa suka koma can.