Buhun Zakka da Ɗakin Gurgu a Gadarif

Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka suka yada zango a Gadarif ba su baro makafinsu da guragunsu a baya ba. A ƙasar Hausa kowane rukuni da shugabansa: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare. Abin da ya iso nan tare da mu kuwa al'ada ce: ɗan jagora riƙe da sanda, kwanon tuwo da ake aika wa maƙwabci, sadakar Juma'a a bakin masallaci. Hukuma ba ta cikin lissafi.

Ta ƙofar zakka ta shigo. A 1980 gwamnatin Sudan ta kafa asusun zakka na ganin dama, a 1984 doka ta mai da ita tilas, daga bisani Diwanin Zakka ya tsaya da ƙafarsa. Gadarif, uwar dawa da riɗi, tana cikin jihohin da suka fi cika masa rumbu, kuma hannayenmu na cikin waɗanda suka yanke riɗin nan. Daga wannan dukiya ake saya wa gurgu keke, ake biya wa matalauci inshorar lafiya. A 2009 Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, ta yi doka a shekarar, ta sabunta ta a 2017.

Sai dai duk wannan alheri ta takarda yake bi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Iyalin da ya iso bayan yaƙin Burmi na 1903 ya riga ya makara. An sassauta sharaɗin daga baya, amma tuhumar "baƙo" ta daɗe ba ta gushe ba. Mai ƙafa ma ya sha wuya wajen neman jinsiyya da lambar ɗan ƙasa, balle wanda sai an goya shi zuwa ofis.

Ko takardar ta samu, keke ba ya wanke majinyaci, kati ba ya juya shi a kan gado da tsakar dare. Wannan aikin uwa ce ke yin sa, ko ƙanwa, ko yarinyar da aka tsame daga makaranta, ba albashi ba hutu. Da yaƙin Afrilun 2023 ya koro mutanen Khartum, sannan na Madani, makarantun Gadarif suka cika da 'yan gudun hijira, 'yan uwanmu suka sauka a gidajenmu da nasu marasa lafiyar, matan nan dai suka ƙara shimfiɗa tabarma.