Gida a bakin teku: tsarin ginin da ke rage kuɗin lantarki, ya kuma daɗe

Hausawa da dama da ke zaune a zangon Kotonu da Lome, ko Nima a Akra, ko New Bell a Duwala, sun gaji dabarun gini ne na ƙasar Sahel. A Damagaram ko Agadas, bango mai kauri da ƙananan tagogi ne maganin zafi, domin bangon yana riƙe sanyin dare har zuwa rana. A gaɓar teku wannan dabara ba ta aiki sosai: dare ba ya yin sanyi sosai, iska kuma cike take da laima. Abin da ke sanyaya ɗaki a nan shi ne inuwa da iskar da ke ratsa shi.

Zaɓen fili

Wani binciken Bankin Duniya da ya fito a 2019 ya nuna cewa kashi 56 cikin ɗari na gaɓar Benin da Togo da Kodibuwa da Senegal teku na cinye ta, kusan mita 1.8 a kowace shekara. Garuruwan Aneho a Togo, Keta a Gana da Grand-Lahou a Kodibuwa duk sun yi asarar gidaje ta wannan hanya. Don haka kafin sayen fili, a duba nisansa da ruwa, a tambayi maƙwabta inda ambaliya ke kaiwa da damina, a kuma nemi izinin gini daga hukumar gari. Inda ƙasa ke da dausayi, ana ɗaga daɓen gida sama da matakin ambaliya. Mutanen Ganvie da ke tafkin Nokoue sun daɗe suna kafa gidajensu a kan turaku.

Rana da iska

Bangon gabas da na yamma ne suka fi shan rana, saboda haka su ne ya kamata su zama gajeru, masu ƙarancin tagogi. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa. A wannan gaɓa iska ta fi busowa daga kudu maso yamma, sai a sa wa kowane ɗaki tagogi biyu masu kallon juna don ta shiga ta fita. Katanga mai tsawo da ta matse gida tana tare wannan iska. Bulo mai huji a samanta yana ba ta hanya ba tare da ya tona asirin cikin gida ba.

Rufi

Mafi yawan zafin gidan ƙasa ta rufi yake shiga. Kwano mai farin launi, da silin a ƙarƙashinsa, da kafofin fitar iska mai zafi a tsakaninsu suna rage shi ƙwarai. Bakin rufi ya zarce bango da kamar mita ɗaya, ya yi masa inuwa, ya kare shi daga ruwan sama. Duwala na samun ruwa fiye da milimita 3,500 a shekara, Yamai kuwa bai kai 600 ba.

Gishiri da tsatsa

Iskar teku na ɗauke da gishiri. Idan ya kai ga rodi, sai rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankare. Shi ya sa ba a kwaɓa siminti da yashin bakin teku ko ruwan gishiri, kuma ana barin kankare mai kaurin kusan santimita 5 a kan rodi. Kwanon alminiyam ya fi na ƙarfe jurewa.

Wuta da ruwa

Fanka na cin wat 50 zuwa 75, na'urar sanyaya ɗaki kuwa kusan wat 1,000. Gidan da fanka da ƙwan LED suka wadatar, ƙaramin tsarin sola zai iya ɗaukar sa. A ɗan karkata allunan sola don ruwan sama ya riƙa wanke su. Indararo da tanki mai murfi suna tara ruwan rufi, abin da ke da amfani inda gishiri ya shiga rijiyoyi. Masai kuma a gina shi da rami mai siminti, nesa da rijiya, domin ruwan ƙasa a bakin teku yana kusa.