Ɗanyen nama ga kare mai ƙaiƙayi: magani ne ko haɗari?

A unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, kamar Barnawa da Narayi da Kakuri da Sabon Tasha, gidaje da dama na kiwon karnuka domin gadi, ciki har da irin na ƙasashen waje masu tsada.

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke kai masu irin waɗannan karnuka wurin likitan dabbobi ita ce ƙaiƙayi: kare ya yi ta susa, yana lasar ƙafafunsa, gashi na zuba, kunne na ruwa.

Shawarar da mai kare kan samu daga abokai ita ce abincin buhu ne bai karɓe shi ba, don haka a koma ba shi ɗanyen nama. Tsadar abincin da ake shigowa da shi, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ta ƙara wa shawarar farin jini, tun da kan kaji da kayan ciki sun fi araha a kasuwa.

Sai dai ilimin likitancin dabbobi bai goyi bayan wannan shawara ba.

Ba kowane ƙaiƙayi ne daga abinci ba

Cutar da ake kira alaji na faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki wani abu marar illa a matsayin abokin gaba, ta shiga yaƙarsa. A jikin kare alamarta kan bayyana a fata da kunne, wani lokaci kuma da gudawa ko amai.

Amma abinci ba shi ne kan gaba wajen haddasa susa ba. Nazarin da aka yi ya nuna cewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai na karnukan da ake kaiwa asibiti ke da alajin abinci.

A gari irin Kaduna, ƙuma da kaska da ƙazuwa sun fi zama abin zargi, musamman da damina. Akwai kuma karnukan da ƙura ko ƙwayoyin furanni ke tayar wa da ciwon. Saboda haka likita kan fara ne da kawar da waɗannan, kafin ya waiwayi kwanon abinci.

Naman ne kansa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan karnukan da abinci ke yi wa illa, daga nama da madara suke samun ta, ba daga hatsi ba.

Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bayanan karnuka 297 da aka tabbatar suna da ciwon, ya gano cewa naman shanu ne sanadi a kashi 34 cikin 100. Madara da dangoginta na da kashi 17, kaza kashi 15, alkama kuma kashi 13.

Garkuwar jiki na faɗa ne da sinadarin furotin da ke cikin naman, kuma yana nan ko an dafa ko ba a dafa ba. Ke nan karen da naman shanu bai karɓa ba, idan aka ɗauke shi daga abincin buhu aka koma sayo masa ɗanyen naman shanu a mahautar Kakuri, ba a canza komai ba.

Gaskiya ne wasu karnukan kan samu sauƙi bayan an canza. Dalili shi ne an rage yawan abubuwan da suke ci, an kuma cire wanda ke cutar da su ba tare da an sani ba. Da dafaffen abinci aka yi hakan, sakamakon ɗaya ne.

Yadda ake gano gaskiya

Gwajin jini ko na yawu ko na gashi da ake tallatawa ba abin dogaro ba ne a wannan fanni. Hanyar da masana suka amince da ita ita ce gwaji da abincin kansa.

Ana zaɓar nama guda ɗaya wanda karen bai taɓa ci ba, misali zomo, a haɗa shi da abu guda mai sitaci kamar dankali, a dafa. Shi kaɗai karen zai ci har tsawon mako takwas, lokacin da bincike ya nuna yana isa a gane fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Akwai kuma abincin kamfani na musamman da aka farfasa furotin ɗinsa, amma yana da tsada.

A nan ne yawancin gwaji ke lalacewa. Yaro ya jefa wa kare ƙashin kaza, ko mai gadi ya zuba masa ragowar tuwo da miya, ko karen ya fita ya yi kiwo a bola, to an koma farko. Ragowar miya ma na da nata haɗarin, domin albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare.

Idan susa ta lafa, sai a mayar da tsohon abincin. Dawowar ƙaiƙayin cikin mako biyu ita ce shaidar cewa abinci ne. Daga nan sai a riƙa gwada abubuwan ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin.

Asalin ra'ayin

Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yaɗa ra'ayin ciyar da kare ɗanyen nama da ƙashi, a wani littafi da ya buga a 1993. Hujjar magoya bayansa ita ce kare jikan kyarkeci ne, don haka abincin daji ya fi dacewa da shi.

Amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa dubban shekarun zama da ɗan Adam sun sa kare ya fi kyarkeci iya narkar da sitaci nesa ba kusa ba.

Haɗarin ya wuce kan kare

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, inda ta samu ƙwayar cutar Salmonella a 15, da Listeria a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan wannan ciyarwa.

Wannan a ƙasar da wutar lantarki ba ta cika yankewa ba ke nan. A Kaduna, inda firji kan yi sa'o'i babu wuta a tsakiyar zafin watan Maris da Afrilu, ƙwayoyin cuta sun fi samun damar hayayyafa. Daskarar da nama ma ba ya kashe Salmonella. Kare na iya ɗauke da ita ba tare da alamar ciwo ba, yana zubar da ita a kashinsa, a tsakar gidan da yara ke wasa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wata ƙaramar tsila da ake kira Echinococcus. Kare na kamuwa da ita ne idan ya ci ɗanyen huhu ko hantar tunkiya ko saniya ko raƙumi mai ɗauke da ƙullutun ruwa. Ƙwayayenta na fita ta kashin kare, kuma idan suka shiga cikin mutum sukan zama ƙullutu a hanta ko huhu, wanda kan yi shekaru yana girma, wani lokaci sai an yi tiyata. Tun a shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka samu cutar a dabbobin da ake yankawa a arewacin Najeriya.

Abin takaici, kayan cikin da mahauci ya ware saboda ya ga aibu a jikinsu, akan sayar da su da arha a matsayin abincin kare. Mushe kuwa ya fi haɗari: a watan Yulin 2023 hukumomi suka tabbatar da ɓullar cutar antaras a wata gona da ke yankin Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma cin naman dabbar da ta mutu na cikin hanyoyin yaɗuwarta.

Akwai kuma batun gina jiki. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam, kuma kwikwiyon da aka raina da ita kan tashi da ƙasusuwa marasa ƙwari. Shi ya sa abincin gwaji na mako takwas bai dace ya zama na dindindin ba sai likita ya daidaita shi.

Wanda ya nace

Ga wanda ya ƙuduri aniyar ba da ɗanyen, likitoci na ba da shawarar a sayi naman da aka duba, irin wanda mutum zai ci, a guji huhu da hanta sai an dafa. A ware wuƙa da kwano, a wanke hannu da sabulu, a kwashe kashin kare kullum, a kuma riƙa ba shi maganin tsila a kan kari.

Gidan da ke da jariri, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mara lafiya, ba a son a yi wannan ciyarwa a cikinsa sam.

Idan ƙaiƙayin ya gagari likitocin cikin gari, akan tura kare Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ake iya kankaro fatar a duba ta a ɗakin gwaji.