Taswirar Tushe: Yadda Masu Kwamfuta Suka Koyi Bin Sawun Kuskure

A hutun damina da ya wuce, ɗan ƙanena da ke karatu a Damagaram ya zo mana nan Gamu da wani shafin intanet da ya gina da kansa, wanda zai riƙa lissafa mana makin ɗalibai a ƙarshen zango. Duk malamin da ya taɓa raba dare yana ninka maki da nauyin kowane darasi ya san irin murnar da na yi. Muka zuba sunayen aji guda, sai shafin ya tsaya cak. Saƙon da ya fito ya ce kuskuren yana layi na 1, gurbi na dubu arba'in da wani abu.

Na ce, "Kai ɗana, layi ɗaya ka rubuta?"

Ya ce, "A'a Baba, ya fi layi ɗari uku. Taswirar ce ban kunna ba."

Wannan amsa ce ta sa na bi tarihin abin, kuma ina ganin ya kamata malamai da iyaye su san shi, tunda ƴaƴanmu sun fara shiga wannan sana'a.

Kwamfuta ba ta jin maganar mutum, lambobi kawai take ganewa. A 1952 Grace Hopper ta Amurka ta samar da A-0, ɗaya daga cikin manhajojin farko da ke karɓar rubutun mutum su mayar da shi abin da inji zai aiwatar. A 1957 kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN a ƙarƙashin John Backus. Irin wannan manhaja zan kira ta tafinta. Tun lokacin matsalar ta bayyana: idan aiki ya lalace, injin yana nuna wurin a cikin fassarar, alhali gyaran a rubutun asali ake yin sa.

Da Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a 1995, birauza tana karanta rubutun ne kamar yadda aka rubuta shi, don haka gano kuskure bai yi wuya ba. Amma shafuka suka yi ta girma, musamman bayan Gmail a 2004 da Google Maps a 2005. Sai aka koma matse rubutu kafin a tura shi: a share sarari da bayanan gefe, a haɗe layuka su zama ɗaya, a mayar da suna kamar "makinDalibi" ya koma "a". Mu da rezo ke zuwa mana yana ɗaukewa, muna ƙirga kowane mega, mu ne muka fi cin moriyar wannan matsi. Mai gyara kuwa shi ya sha wahalarsa, don ba ya iya gane rubutunsa.

A Nuwamban 2009 Google ta saki tafintanta mai suna Closure Compiler, tare da kayan gyara Closure Inspector. Joseph Schorr ne ya tsara taswirar farko domin wannan kayan gyara. Girmanta ya yi yawa, aka yi ta gyaran tsarin, har a 2011 John Lenz na Google da Nick Fitzgerald na Mozilla suka gabatar da tsari na uku, wanda ake aiki da shi har yau. Harsuna irin su TypeScript na Microsoft, da ya fito a 2012, sun ƙara buƙatarta, don su ma sai an fassara su zuwa JavaScript.

Yaya tafinta ke zana ta? Da farko yana karanta rubutun asali ya rarraba shi gaɓa-gaɓa, ya liƙa wa kowace gaɓa shaidar layinta da gurbinta. Duk juyin da zai yi mata, shaidar tana biye da ita. Lokacin da yake fitar da sabon rubutu, sai ya riƙa ajiye lissafi a gefe: abin da na sa a gurbi kaza ya fito daga fayil kaza, layi kaza, gurbi kaza, sunansa na asali kaza. Wannan lissafi shi ne taswirar, fayil dabam mai ƙarewa da ".map", kuma layin ƙarshe na matsattsen rubutun yana nuna inda take.

Don kada ta yi nauyi, kowace shaida tana faɗin tazararta ne kawai daga wadda ta gabace ta, an kuma mayar da lambobin haruffa: A sifili, C ɗaya gaba, D ɗaya baya. "AACA" na nufin gurbi bai canja ba, fayil bai canja ba, a sauka layi ɗaya a rubutun asali. Waƙafi yana raba shaida da shaida, waƙafi mai ruwa yana raba layi da layi. Birauza ba ta sauke taswirar sai mai gyara ya buɗe kayan gyara, don haka mai karatu ba ya asarar mega ko ɗaya.

Mu malamai mun san irin wannan. A jarrabawar BEPC ana ɓoye sunan ɗalibi a sa lamba, sannan a adana rajistar da ke haɗa lamba da suna. Idan rajistar ta ɓata, maki na nan, amma ba a san mai shi ba.

Wani abin mamaki, fiye da shekara goma manyan birauzoji suna dogara da wannan tsari alhali takarda ce kawai a Google Docs. Sai a Disamban 2024 hukumar Ecma International da ke Geneva ta amince da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba ECMA-426.

Da yaron ya kunna taswirar ya sake gwadawa, saƙon ya nuna masa layi na sittin da wani abu a rubutunsa. Ashe bai yi tanadin ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba. Wata yarinya ce da ta yi jinya, gurbin makinta babu komai. Na tambaye shi me zai yi da bai samu wurin ba. Ya ce da sai ya cika duk gurbin da ba komai da sifili don shafin ya tafi. Da an yi haka, da yarinyar ta faɗi aji a kan laifin da ba nata ba.

Wannan ya tuna mini da ajinmu. Yaro yana tunani da Hausa ko Barbarci, yana rubuta amsa da Faransanci, mu kuma mu ja jan biro a kan fassarar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, amma har yau da yawanmu ba mu tambayar yaro ya faɗi abin da yake nufi da harshensa, mu ga ko lissafin ne ya kuskure ko kuwa kalmar. Na fara yin haka a bana, kuma sau da yawa kalmar ce.

Iyaye kuma, idan ɗanku ya nuna muku shafin da ya gina, ku sa shi ya ɓata shi da gangan, sannan ya nuna muku layin da ya ɓaci. Wanda ya kwafo aikin wani ba zai iya ba.